Babu Tana Halatta Cin Wani?

'Yan'uwana mata, cikin halittun Allah akwai tsiro mai cin ƙwari, kuma irinsa ya haura 600 a duniya. Wanda ya fi suna yana fitowa ne a fadamun jihohin Karolina biyu na Amurka. Ganyensa kamar baki yake, buɗe, da 'yan gasu a ciki. Ƙuda ya taɓa gashi sau ɗaya, shiru. Ya sake taɓawa cikin kamar daƙiƙa 20, sai ruf! Ganye ya rufe, ya narkar da shi cikin kwanaki. Tun 1875 Charles Darwin na Ingila ya rubuta littafi guda a kan irin waɗannan tsirrai.

Shin mugunta ce? Ni dai ban ce ba. Kamar yawancin tsirrai masu fure, da hasken rana yake haɗa abincinsa. Bambancin kawai, sauran suna samun taki ta saiwa, shi kuwa ƙasarsa ba ta da shi, sai ya nema a jikin ƙwaro. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne furensa. Can sama yake ɗaga shi a kan dogon kara, nesa da tarkon, don haka ƙwarin da ke yi masa barbara ba kasafai suke faɗawa ciki ba.

To, mu dawo gonakinmu na Garki, mu dubi ƙuduji. Shi ma a gajiyayyiyar ƙasa ya fi yawa, shi ma yana iya cewa babu ce. Ga fure ja-ja gwanin sha'awa. Amma tun yana ƙarƙashin ƙasa yake liƙe wa saiwar gero ko dawa yana tsotsa, kafin a gan shi ya gama ɓarna. Wanda yake goye da shi, shi yake kassarawa.

Kullum muna jin "wallahi babu ce ta sa". Na yarda, babu ba ta da daɗi. Wadda ta aiko yaro roƙon gishiri, ko ta ranci kwanon gero kafin kaka, ba na ganin laifinta ko kaɗan. Amma wadda ta ɗauki kwasar farko a adashi ta daina zubi fa? Matan da suka yarda da ita, su ta ci, alhali su ma da kuɗin ƙuli-ƙuli suke zubawa. Ita ma in kin tambaye ta, babu za ta ce miki.