Tausayin Abin Da Za A Yanka

Akwai wata magana da ta zauna a bakin 'yan kaji da masu saye, daga Farin Dutse zuwa kasuwar Sara, har cikin Birnin Kudu. Ka ga an haɗa ƙafafun kaji an ɗaure, an rataye su a bayan babur kawunansu na lilo kusa da salansa, ka ce wa mai su, "Malam, a ɗan sassauta musu mana." Amsar da za ka ji ita ce, "Ai yanka za a yi." Ba da mugun nufi yake faɗa ba. Sau da yawa mutumin kirki ne, mai salla a kan lokaci, mai neman abin da zai kai wa iyali. Sai dai a cikin wannan gajeriyar amsa ne tausayin da yawa daga cikinmu yake ƙarewa, domin ma'anarta ita ce duk abin da ajalinsa ya kusa ba shi da sauran haƙƙi.

Tausayi shi ne ka lura da wahalar wata halitta, abin ya taɓa ka, ka rage mata gwargwadon ikonka. Ba ya cikin sharaɗinsa sai wanda za a tausaya wa yana da sauran kwana mai yawa. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma gaskiya ne, Allah ya halatta mana namanta. To, amma izinin da aka ba mu na yanka ne. Ƙishirwa da karaya da gashin rana da kazar ke sha kafin wuƙa, wannan namu ne, mu muka ƙara.

Sai mutum ya san yadda aka halicci kaza kafin ya gane girman abin da ake yi mata a bazara. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta a lafiyarta ya kai wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ya ƙaru da digiri 4 ko 5 kacal, mutuwa ce. Hanyar da take da ita ta fitar da zafi ita ce ta buɗe baki tana haki, ta ware fukafukai iska ta ratsa, ta nemi inuwa da ƙasa mai sanyi ta kwanta. Hakin nan kuwa ruwan jikinta yake ƙonewa. A yankinmu, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan kai digiri 40 har ya haura. A irin wannan yanayi, kazar da aka ɗaure wa ƙafa, aka danne mata fukafukai a cikin cunkoso, aka hana ta ruwa, an toshe mata duk ƙofofin da Allah ya ba ta na tsira.

Kajin gidan gona masu nama, waɗanda ake kira buloila, sun fi kazar Hausa shiga uku a nan. An samar da irinsu ne don saurin girma: ɗan tsakon da aka ɗauko daga maƙyanƙyasa, yawanci daga Ibadan, cikin mako 6 zuwa 7 ya kai kilo 2. Nama ya yi wa zuciyarsa da ƙafafunsa yawa, jikinsa kuma kullum cikin samar da zafi yake saboda yawan ci. Irin wannan kaza idan ta ƙosa, yanayin da ke mata daɗi bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba. Kazar gida da ta tashi tana tono a gindin rumbu ta fi juriya, amma ita ma tana da iyaka.

A shekarun nan kuma lokacin da aka fi neman kaza ya faɗo a tsakiyar zafi. Ƙaramar Salla ta 2023 da ta 2024 duk a watan Afrilu aka yi su, ta 2025 kuma a ƙarshen Maris. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mu da ke azumi mun san abin da ƙishirwar la'asar take nufi, amma muna da lada da muke fata, muna kuma da magariba da muke jira. Kazar da ke cikin akurki a bakin titi ba ta da ko ɗaya.

Wahalar tana farawa tun daga kamu. A shiga ɗakin kaji da hayaniya, su taru a lungu suna tattake juna, a cafko su ta ƙafa ɗaya ko ta fiffike, a riƙe uku ko huɗu a hannu ɗaya kai a ƙasa. Tsuntsu ba shi da tantanin da ya raba ƙirji da ciki irin na mutum da akuya, don haka idan aka juya shi, kayan cikinsa kan danne masa zuciya da huhu. Daga nan sai tafiya: a cusa ashirin inda ya kamata goma su zauna, a ɗora keji kan keji, a tashi da hantsi. A kasuwa a ajiye su a fili, mai saye ya ɗaga wannan ta fiffike ya jinjina nauyinta ya jefar, ya ɗauki waccan. Wanda ya saya kuma ya jefa ta cikin but ɗin mota ya rufe, ko ya yar da ita a tsakar gida a ɗaure har sai maigida ya dawo daga masallaci. A wurin masu figa, ana yanka wata a gaban wata, wani lokaci a tsoma ta cikin ruwan zafi tun tana shure-shure.

Abin da ya fi ciwo shi ne mun fi kowa kula da ƙa'idar yanka. Muna tambaya ko an ambaci sunan Allah, ko an fuskanci alƙibla, ko jijiyoyin wuya sun yanku. Wannan daidai ne. Amma hadisi na 17 cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, daga Shaddadu ɗan Ausi, ya koyar da cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, kuma mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Hutarwar nan ta haɗa da awannin da suka gabaci wuƙa. Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure kaza suna harbinta, ya tsawatar, ya sanar da su cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin haka. Kaza ce fa, ba raƙumi ba. Kowa kuma ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Malaman Malikiyya sun ɗora ciyar da dabba a wuyan mai ita. Da zarar ka biya kuɗin kaza, ƙishirwarta ta zama amanarka.

Wani zai ce, "Talaka na fama da kansa, ina ya ga ta kaza?" Tambayar ta cancanci amsa, domin wanda ya sha tsadar abincin kaji da kuɗin mai ba zai ji daɗin a ƙara masa nauyi ba. Amma kusan duk abin da tausayi ke nema a nan kyauta ne, rashinsa kuma shi ne mai cin kuɗi. Kazar da ta mutu a hanya ta zama mushe, jari ya tafi. Wadda ta wuni tana haki ta rage nauyi. Wadda aka karya wa fiffike, jini ya kwanta a namanta, ba ta da kyan gani a faranti. Masana kiwon kaji sun tabbatar da cewa zafi mai tsanani kafin yanka yana sa naman ƙirji ya koɗe, ya yi laushi, ya riƙa zubar da ruwa. Akwai kuma haɗarin da ya fi asara muni: wanda ya ga jarinsa na mutuwa, Shaiɗan kan raya masa ya shafa wa mushe wuƙa ya sayar wa masu suya. Rashin tausayin dabba kan kai ga cin amanar mutane.

Duniya ma ta daɗe da gane haka. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya, wadda aka kafa a 1924 mai hedikwata a Faris, kuma Nijeriya na cikinta, tana da ƙa'idoji kan kiwon kajin nama da safararsu da yankansu. Dokar laifuffuka ta Arewa ta sanya zaluntar dabba cikin laifi. Sai dai babu ɗan sandan da zai bi kowane babur daga Gwaram zuwa Birnin Kudu yana ƙirga kaji. Mai tsaron da zai iya wannan aiki a cikin ƙirjin mai kajin yake.

Abin yi a bayyane yake. Mai gidan gona ya kama kaji da asuba ko bayan magariba, a natse, hannu biyu a jiki. Ana iya janye abinci awa 8 zuwa 12 kafin yanka don hanji ya tsarkaka, amma ruwa a bar musu har lokacin kamu. Mai safara ya rage lodi a bazara, ya bar wurin shigar iska, ya yi rumfar buhu ko ganye a sama, kada ya tsaya hira a rana. Ɗan kasuwa ya nemi gindin bishiya, ya ajiye kasko da ruwa a kowane akurki. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kaji suna iya haɗa hannu su kafa rumfa guda. Uwargida, idan an kawo kaza, a kwance mata ƙafa, a ba ta ruwa, a sa ta a inuwa. Mai yanka ya wasa wuƙa ba a gabanta ba, ya gama da sauri, ya jira rai ya fita kafin ruwan zafi. Limamai kuma su sa wannan cikin huɗubar jajiberin Salla kamar yadda suke bayanin zakkar fidda kai.

Yara suna kallonmu. Yaron da aka aika ya jawo zakara a ƙasa da igiya, manya na gani ba wanda ya ce uffan, ya koyi cewa marar ƙarfi da ba ya iya kai ƙara ba shi da haƙƙi. Wannan darasi zai bi shi zuwa kan almajiri, da ɗan aiki, da matarsa, da iyayensa idan sun tsufa. Kaza ba za ta gode maka ba, ba za ta ba da labarinka ba, gobe ma ba ta nan. Shi ya sa abin da ka yi mata yake nuna ainihin tausayin da ke zuciyarka, kuma Wanda ya halicce ku duka zai tambaye ka a kansa.