Ko Ƙudan Zuma Yana Da Haƙƙin Maƙwabtaka?

Idan Bahaushe ya ce maƙwabci, mutum yake nufi: wanda katanga ta raba ku, wanda za ka aika wa tuwo. To, amma halittar da take yi maka aiki kullum ba ta taɓa neman lada ba, ita kuma mene ne matsayinta?

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa har Kadawa da Kura. Gero da dawa da masara, iska ce ke kai musu garin fure. Kankana da kabewa kuwa furen namiji daban, na mace daban. In ƙwaro bai ɗauko garin nan ya kai can ba, sai dai yabanya ta yi kyau a banza. Manomi yana biyan kuɗin taki da ruwa da ƙwadago, amma wannan ɗan aike ba ya cikin lissafinsa.

Shi kuma me yake ci idan lambu ya tashi? Itatuwanmu na gado ne ke riƙe shi. Gawo yana fure bayan ɗaukewar damina, lokacin da ciyawa ta bushe. Ɗorawa da kaɗanya suna yi cikin rani, magarya da kurna su ma suna da nasu lokacin. Kuka ma jemage ne ke yi mata hidima da dare, jemagen da yara ke jifa. Daga Bebeji zuwa Ƙiru irin waɗannan itatuwa suna ta komawa gawayi. Wanda ya nufi Doguwa ta dajin Falgore zai ga bambanci da idonsa. A gidajenmu kuwa sai darbejiya, baƙuwa daga Indiya. Inuwarta ba laifi, amma unguwa guda ba ta rayu da itace iri ɗaya ba a zamanin kakanninmu.

Mai karatu zai iya cewa: tsakar gidana ƙarama ce, zuma tana harbin yara, kaɗanya kuma sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ba na ganin laifin uban da ya nisanta amya da ƙofar ɗakinsa. Sai dai ba amya ake nema a wurinsa ba. Magarya ɗaya a bayan gida, yakuwa da riɗi a gefen katanga, kasko da ruwa da 'yan tsakuwoyi don ƙwaro ya sauka bai nutse ba, sannan a bar feshin magani sai da yamma. Iyakarta ke nan.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne, ribar ba lallai ta dawo wa mai shuka ba. Ƙudan da ya ƙoshi a magaryarka, gonar wani zai tafi ya yi wa aiki, mai yiwuwa wanda ba kwa ga-maciji da shi. Ɗorawar da muke cin daddawarta a yau ma, wanda ya bar ta a gona yana sassabe bai san sunan ko ɗayanmu ba.