Mudu Ɗaya ga Malami da Manomi

Akwai wata magana da ake ta yi a gindin itatuwa da bakin kasuwa a ƙasar Ɗambatta da Bichi da Kunchi da Tsanyawa, har ta shigo cikin ekklesiya. Manomi ya ce malaman makaranta suna cin kuɗin jama'a a banza, gama yaro yakan gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba. Malami kuwa ya ce abin da ake ba shi ba ya kai shi tsakiyar wata. Su biyu ɗin a kan benci ɗaya suke zama ran Lahadi, daga ƙoƙo ɗaya suke sha a Jibin Ubangiji, amma kowa yana riƙe da ɗan'uwansa a zuci. Ba daidai ba ne mu bar wannan abu ya ruɓe a cikinmu. Bari mu auna shi a gaban Maganar Allah.

A cikin Kubawar Shari'a sura 25 Allah ya hana mutanensa ajiye mudu iri biyu a gida, watau babba na saye da ƙarami na sayarwa. Duk wanda ya taɓa kai gero kasuwar Dawanau ya san wannan zamba. To, abin da muke so mu faɗa ke nan: da mudun da muke auna hakkin malami, da shi za mu auna hakkin manomi.

Kuɗin wane ne?

Dattawanmu sun tuna zamanin En'e. Da kaka mutum yakan sayar da gyaɗarsa ya biya haraji, mai shanu kuma ya biya jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika baitulmali a birnin Kano. Daga cikin wannan kuɗi ake biyan malamin elemantare. A lokacin nan ba mai shakkar inda albashin malami ya fito, gama takardar haraji tana cikin aljihun kowane magidanci.

A shekarar 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa suka yi murna ƙwarai. Amma tun daga nan mutane da yawa suka ɗauka makaranta ta zama kayan gwamnati, kuɗinta kuma daga sama yake faɗowa. Wannan kuskure ne babba. Har yau muna biya, sai dai ba a zuwa ƙofar gida a karɓa. An fara karɓar harajin VAT a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. In ka sayi kwanon rufi ko siminti ko katin waya, ka biya. Kashi 35 cikin 100 na wannan haraji rabon ƙananan hukumomi ne. Daga asusun tarayya kuma, inda kuɗin man fetur yake shiga, ƙananan hukumomin ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100. Ga kuma kuɗin rasit da ake karɓa a kasuwa da kara da tasha.

Daga rabon ƙaramar hukuma ake cire albashin malaman firamare, hukumar SUBEB ta jiha kuwa ita ke lura da sha'aninsu a ƙananan hukumomi 44 na Kano. A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya nuna a fili cewa kuɗin nan na mutanen wurin ne. Kowace naira da ta shiga hannun malami, da an iya haƙa rijiya da ita, ko a sayi magani a ɗakin shan magani na ƙauye. Saboda haka manomi yana da iko ya yi tambaya, kada kowa ya ce masa ba ruwansa.

Hakkin malami

Yanzu bari mu duba abin da malami yake karɓa. A 2019 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya zama naira 30,000. A watan Yuli 2024 aka mai da shi 70,000, gwamnatin Kano kuma ta sa nata 71,000 a watan Oktoba na wannan shekara. A kunne kamar an ninka shi har da ɗori. Amma naira 30,000 ta 2019 ta kai wajen dala 83, naira 70,000 ta 2024 kuwa ba ta kai dala 50 ba. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, har a ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashi tsada a yawancin kasuwanni. In ka raba naira 71,000 cikin kwana 30, ba ta kai 2,400 a rana ba. Malami mai takardar NCE yana karɓar abin da ya ɗara haka, amma in yana da mata da 'ya'ya biyar, yana kuma zuba mai a babur kowace safiya domin ya isa makarantar ƙauye, me zai rage masa?

Littafi Mai Tsarki bai yi wasa da hakkin ma'aikaci ba. A cikin Kubawar Shari'a sura 24 an umarta a biya talakan da ya yi aiki tun rana ba ta faɗi ba, domin da wannan lada yake rayuwa. Yaƙub kuma a sura 5 ya tsawata wa mawadata da suka danne ladan masu yi musu girbi, ya nuna kukan masu girbin ya kai wurin Ubangiji. Wanda ya riƙe albashin malami, ko ya zaftare shi a ɓoye, ko ya bar tsohon malami yana sintiri shekara da shekaru yana neman kuɗin sallamarsa, wannan tsawa tana kansa.

Ku karanta Nehemiya sura 13. Sa'ad da Nehemiya ya komo Urushalima ya tarar ba a ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu ba. Me ya faru? Kowannensu ya koma gonarsa, aka bar Haikali ba mai hidima. Nehemiya bai fara da Lawiyawa ba, shugabanni ya kira ya yi musu faɗa, sa'an nan ya komo da Lawiyawa bakin aikinsu. Haka yake a yau. Malamin da ciki ya kore shi zuwa acaɓa ko tireda, yaran ajinsa ne suke biyan bashin. Mu manoma mun san ƙasarmu. Gonakinmu ƙanana ne, ba su hutawa, shekara kowace sai an noma su. Kakanninmu da jakuna suke ɗauko taki daga birni, domin sun sani gonar da ba a ciyar ba ba ta ciyar da mai ita. Albashin malamin kirki taki ne a gonar 'ya'yanmu. A gaskiya, malamin da yake tsayawa a gaban yara saba'in ko ɗari tun safe har azahar bai ci kuɗin kowa a banza ba. Abin da ake ba shi ma bai kai wahalarsa ba.

Hakkin manomi

Amma mudun yana da wani aiki kuma. Manomi kaka ɗaya gare shi a shekara, in ruwa ya ɗauke da wuri ko tsutsa ta faɗa wa wake, ba mai biyansa. Ba shi da fansho. Mai albashi kuwa kaka goma sha biyu gare shi, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Wannan abu ya isa ya sa malami ya ji tsoron Allah a kan kowace sa'a ta aikinsa.

Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, kamar yadda Luka ya rubuta a sura 3, bai ce su bar aikin gwamnati ba. Ya gaya wa masu haraji kada su ɗora kome a kan abin da aka ƙayyade. Ya gaya wa sojoji su bar ƙwace da ƙage, su tsaya a kan albashinsu. Watau tuba ta gaskiya tana bayyana a wurin aiki. Malamin da yake zuwa ƙarfe goma ya tashi sha ɗaya, ko ya sa hannu a littafi ya wuce kasuwa, ko ya kwashe yara zuwa gonarsa da sunan aikin hannu, ya ɗauki hatsi daga rumbun gwauruwa. Ƙarancin albashi dalili ne na kai kuka ga hukuma ta hanyar da doka ta yarda. Ba ya halatta wa mutum ya karɓi kuɗin wata cikakke ya yi aikin rabin wata. Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa a sura 3 a kan aikin ganin ido. Mai duba makarantu yana iya yin wata uku bai zo ba, amma Ubangiji yana cikin ajin kowace rana.

Akwai kuma maganar iyawa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su ci ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka yi jarrabawar, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Kome mutum zai ce a kan wannan al'amari, tambaya ɗaya tana nan: wa ya ɗauke su aiki tun farko? Wanda bai iya karatu ba ba ya sa kansa a aji, sai wani mai iko ya yi masa alfarma. Wannan ya kawo mu ga masu ofis.

Ga masu riƙe da ofis

Hedimasta da mai duba makarantu da sakataren ilmi suna da aiki na gaske. In ba su, ba mai kai alli da littattafai, ba mai tsawata wa malalaci. Daidai ne su karɓi abin da ya fi na ƙaramin malami, gama nauyinsu ya fi. Amma ga inda zalunci yake shiga. In aka tara mutane a ofis suna hira a inuwa, alhali makarantar ƙauye tana da aji shida da malami biyu, an cuci mai biya. In aka bar sunan matacce ko na wanda bai taɓa riƙe alli ba a takardar albashi, an yi sata. In sai malami ya ba da wani abu kafin a yi masa ƙarin girma, an ci amanar malami da manomi gaba ɗaya.

Ya kai ɗan'uwa mai ofis, ka dubi Nehemiya kuma a sura 5. Shekara goma sha biyu yana gwamna bai karɓi abincin da ya cancanci gwamna ba, domin ya ga nauyin da yake kan jama'a. Ka dubi Sama'ila a ranar da ya tsufa, ya tsaya a gaban dukan Isra'ila ya ce duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki ya fito ya faɗa, ba a sami ko ɗaya ba. Ran da za ka bar kujera, za ka iya tsayawa haka a kasuwar garinku?

Me za mu yi?

Tun 1976 da aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, aka sake kafa shi da dokar 2004, gwamnatin Kano kuma ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni 2024, ba a rasa shiri da doka ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne idon masu gida. Gonar da mai ita ba ya zuwa dubawa, 'yan ƙodago sukan yi mata noman ganin dama.

Na fari, iyaye su riƙa taka ƙafa zuwa makaranta. Ka san sunan malamin ɗanka, ka gaishe shi, ka duba littafin yaro ko da ba ka iya karatu ba, ka sa wani ya karanta maka. Na biyu, in an kira taron iyayen yara ko na kwamitin kula da makaranta, mu je mu zauna tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama makarantar tamu ce duka. Mu tambaya cikin ladabi: malamai nawa aka rubuta wa makarantar nan, nawa ne suke zuwa? Na uku, in an riƙe hakkin malami, bakin da ya zarge shi a kan makara shi ne ya kamata ya fara yi masa magana a gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Na huɗu, mu tuna uban da ya hana yaro zuwa aji saboda kiwo ko talla, shi ma ya zubar da kuɗin jama'a, gama an biya malami domin yaron nan, ga wurin zamansa ba kowa.

Ku dattawan ekklesiya, in akwai malami da manomi a cikinku da wannan magana ta raba, ku zaunar da su. Bari malami ya faɗi abin da yake shiga hannunsa da abin da yake fita. Bari manomi ya faɗi dami nawa ya samu bana da abin da ya kashe a taki. Sau da yawa wanda ya ji lissafin ɗan'uwansa yakan sassauta harshe.

Dukanmu za mu tsaya a gaban Mai Shari'a wanda ma'auninsa ba ya karkata. Ba wanda zai tsira a ranar nan da aikin kansa, sai ta wurin jinin Yesu Kristi. Amma wanda aka fanshe shi da wannan jini ba ya iya riƙe mudu biyu a gidansa. Allah ya ba malamanmu hakkinsu a kan kari, ya ba su zuciyar aiki, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya kuma sa albarka a gonakinmu da 'ya'yanmu. Amin.