Wurin Wa Ka Zo?

Duk wanda ya taɓa yin sallama a zauren babban gida ya san tambayar da za a fara yi masa: wurin wa ka zo? Uwar garken imel ma haka take. Kafin ta duba abin da wasiƙa ta ƙunsa, sai mai kawowa ya gabatar da kansa, ya faɗi wanda ya aiko shi, sannan ya faɗi wanda aka aiko wa. A kan amsa ta ukun nan ake yawan yanke hukunci.

Postfix, manhajar uwar garken imel da Wietse Venema ya rubuta yana aiki a IBM, aka fitar da ita a 1998, tana bin dokokin da mai kula da ita ya jera ne daga sama zuwa ƙasa. Da zarar wata ta ce "shigo" ko "koma", ba a waiwayar na ƙasanta. In aka ɗora izini mai faɗi a saman dokar da ke hana baƙo aika wa baƙo saƙo ta gidanka, to gida ya zama hanya. Masu watsa tarkacen saƙonni ba sa daɗewa ba su gano ba, ƙungiyar Spamhaus ta sa adireshinka a jerin waɗanda ake gudu, wasiƙunka na halal su daina isa. Don rage wannan tuntuɓe ne aka ware wa dokar hana baƙo aika wa baƙo gurbinta daban a siga ta 2.10, a 2013.

Akwai kuma dabarar "je ka dawo": a ba baƙon fuska lamba 450. Uwar garken kirki takan dawo bayan wasu mintuna, da yawa daga masu tarkace kuwa ba su da wannan haƙuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ake cewa a'a. In za ka ƙi wasiƙa, ƙi ta a bakin zaure, mai kawowa na tsaye. Lamba 550 ta isa: ya ji, ya koma ya shaida wa wanda ya aiko shi. Amma in ka karɓa ka sallame shi, daga baya ka ga babu mai wannan suna a gidan, wa za ka mayar wa? Sai sunan da aka rubuta a bayanta, alhali masu tarkace sunan wani suke ara. Bawan Allah bai ci nanin ba, nanin ta ci shi, akwatinsa ya cika da wasiƙun da bai taɓa aikawa ba.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne a karɓa a zubar shiru. SpamAssassin, manhajar tace tarkacen saƙonni, maki take bayarwa, in ba a sauya mata ma'auni ba, saƙon da ya kai 5 ya zama abin zargi, kuma zargi yakan faɗa kan mai gaskiya. Ɗalibi ya tura takardun neman gurbin karatu, na'urarsa ta ce sun tafi, ta can ta ce ta karɓa. Mako uku kenan yana buɗe waya kowace safiya, ranar rufe karɓar takardu na ƙaratowa, babu wanda ya ce masa ya sake aikawa.