Ra'ayi, Labari da Hukunci: Iyakar Baki a Majalisa

Ra'ayi shi ne matsayin da mutum ya ɗauka a kan al'amarin da bai kai ga yaƙini a cikinsa ba. Malaman usulu sun jera sani hawa-hawa: yaƙini a sama, sai zato mai rinjaye, sai shakka inda ɓangarori biyu suka yi kunnen doki, sai wahami a can ƙasa. Mafi yawan abin da ake faɗa a majalisar unguwa da teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp na ɗalibai yana hawa biyun tsakiya ne, amma da muryar mai yaƙini ake furta shi. Daga nan tambayar addini take tasowa: ina haƙƙin mutum na faɗin abin da yake gani ya tsaya, kuma yaushe faɗin yake komawa zunubi?

Unguwar Gawon Nama da ke Sakkwato wuri ne da wannan tambaya take fitowa fili. A nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, a kan titin Garba Nadama, saboda haka unguwar tana haɗa mutanen da ba kasafai suke zama benci ɗaya ba: ɗaliban likitanci, masu jinya da suka zo daga ƙauyuka, ma'aikatan gwamnati, da 'yan kabu-kabu masu jiran fasinja kusa da shataletale. Bayan sallar isha'i mai shayi yana sheƙa ruwan zafi tsakanin kofi biyu, waya ɗaya tana yawo daga hannu zuwa hannu. Wani ya ce an ce za a sake rufe iyakar Illela. Na kusa da shi ya ce, "Wa ag gaya maka?" Ya amsa, "A waya nig gani." Sau da yawa binciken a nan yake ƙarewa. A zama ɗaya za a taɓo cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, da juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin wannan shekara, da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, a ƙare da ƙwallon da alƙalin wasa ya soke wa wata sakandare. Duka da zafi ɗaya ake yin su, alhali a ma'aunin shari'a nauyinsu ya sha bamban.

Mafi sauƙinsu shi ne ra'ayi a kan maslahar duniya: ko cire tallafin ya dace, ko yajin aiki ne hanyar gyara jami'o'i. A irin wannan ƙofa a buɗe take. Hadisin barbarar dabino da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa Annabi (SAW) ya bar wa manoman Madina sanin sana'arsu, kuma umarnin yin shawara da ke cikin Alƙur'ani ba zai yi ma'ana ba in da an hana mutane bambanta. Hausawa suka ce ra'ayi riga, kowa da irin tasa, har Sashen Hausa na BBC ya ɗauki karin maganar ya sa wa shirinsa suna. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ma ya ba da wannan 'yanci.

Wasannin makarantu sun ɗan fi haka sarƙaƙiya, ko da yake ana ɗaukar su abin raha. Asalin gasa halal ne: an ruwaito tseren dawaki a Madina da izinin Annabi, da tseren ƙafa da ya yi da Nana A'isha. Don haka babu laifi tsohon ɗalibin Kwalejin Nagarta ya kafe cewa ba a taɓa yin 'yan ƙwallo kamar na zamaninsu ba, na Sakandaren Sultan Bello ya ce ƙarya ne. Wannan son gida ne, kowa ya san ba hujja ake nema ba. Amma a cikin gardamar nan akwai jimloli biyu da ba ra'ayi ba ne. Ta farko, "An ba alƙalin wasa kuɗi." Ta biyu, "Mai tsaron gidansu ba ɗan makaranta ba ne, sojan haya ne, ya yi aure ma." Kowacce zargi ce a kan mutum sananne, wadda ko dai gaskiya ce ko ƙage. Matsalar ƙaryar shekaru kuwa ba tatsuniya ba ce, domin ita ta sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Sai dai kasancewar cuta ta yaɗu ba ya tabbatar da ita a kan wannan yaro na musamman da ya kama fanareti jiya. Mai zargi yana da hanya: rajistar makaranta tana nan, malamin wasanni yana nan, kwamitin gasa yana nan. Wanda ya ƙi bin su ya zaɓi benci, ya ci naman yaron mutane ne kawai. Filin wasa, ko na makaranta ko na Giginya, shi ne wuri mafi arha da matashi zai koyi karɓar hukuncin da bai yi masa daɗi ba, ya kai ƙorafi inda ya dace. Abin takaici, a nan ɗin ne wasu suke fara koyon jifa.

Labari ya fi ra'ayi nauyi, kuma a kansa nassoshi suka fi tsanantawa. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labarin da wanda ba a amince da shi ba ya kawo, ta kuma faɗi dalili: kada a cutar da wasu mutane cikin jahilci, a zo ana nadama. Malaman tafsiri da yawa sun danganta saukarta da Walidu ɗan Uƙba, wanda aka aika karɓar zakkar Banu Musɗaliƙ ya dawo da rahoton da bai inganta ba, har aka kusa ɗaura yaƙi. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin tsoro ko na aminci kafin su mai da shi ga waɗanda za su iya tantance shi. A Suratun Nur kuwa, cikin ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, zargin bai tsaya kan wanda ya ƙirƙiri maganar ba, ya haɗa da waɗanda suka karɓe ta baki da baki suna ganin ƙaramin abu ne. Wannan shi ne matsayin mai tura saƙo a yau. Cewa "yadda aka turo mini na tura" ba ya wanke shi, domin hadisin da Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa ya lissafa mai faɗin duk abin da ya ji cikin maƙaryata. Najeriya ta ɗanɗana wannan a watan Agustan 2014, lokacin da saƙo ya zagaya cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga Ebola. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasu, kuma yawancin waɗanda suka tura saƙon da kyakkyawar niyya suka tura.

A makarantun gaba da sakandare labarin yakan zo da sunan mutum a jikinsa: malami kaza yana sayar da maki, malami kaza yana neman ɗalibai mata, shugaban ƙungiyar ɗalibai ya cinye kuɗi. A nan mutane sukan kasu biyu, kuma duka biyun suna da rabin gaskiya. Masu cewa a yi shiru domin giba haramun ce sun manta cewa Imam Nawawi, kamar Gazali kafinsa, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, cikinsu har da kai kukan wanda aka zalunta ga mai ikon share masa hawaye, da gargaɗin jama'a daga cutarwa. Ɗalibar da aka matsa wa ba ta yi giba ba in ta kai ƙara, kuma wanda ya ce ta rufa asiri ya taimaki azzalumi. Masu cewa a watsa a Facebook su kuma sun manta cewa halaccin yana da sharaɗi: mai magana ya san abin da kansa, ya kuma kai shi inda za a iya gyara. Mutum dubu da suka yaɗa zargin ba su ga komai ba. Gaskiya ne cewa idan kwamitin ladabtarwa ya zama maƙabartar takardu, ɗalibai za su nemi wata ƙofa, kuma kaso mai yawa na laifin yana wuyan hukumar da ta toshe ta farko.

Mafi nauyi duka shi ne hukunci, wato a ce wane ya kafirta, ko jininsa ya halatta. Sakkwato ta ga ƙarshen wannan hanya ranar Alhamis, 12 ga Mayu, 2022, lokacin da taron mutane ya kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW) a wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu. Gwamnati ta rufe kwalejin, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan ta nemi a gurfanar da waɗanda suka yi shi, kuma ranar 14 ga wata aka sa dokar hana fita ta awa 24 bayan zanga-zanga. Girman alfarmar Annabi a zuciyar Musulmi ba abin muhawara ba ne. Abin tambaya shi ne wa ke da ikon yanke hukunci. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa suke aiki da shi ta littattafai irin su Tuhfatul Hukkam, bai san hukunci ba sai da alƙali, da ƙara, da shaidun da aka tantance, da i'izari, wato damar ƙarshe da ake ba wanda ake tuhuma ya kawo abin da zai kare kansa. Taron jama'a ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Tarihin garin ma yana da abin faɗa. Shehu Usmanu Danfodiyo ya yi fama da wasu ɗaliban ilimin tauhidi na zamaninsa da suke kafirta talakawa saboda ba su iya kawo hujjojin aƙida yadda littattafai suka tsara ba, ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, ciki har da Hisnul Afham. Shi da ƙanensa Abdullahi sun saɓa a rubuce kan laƙabin sarauta da kaɗe-kaɗe da tufafin masu mulki, kuma a Najmul Ikhwan Shehu ya ja hankalin jama'a cewa ba a tsananta inkari a mas'alar da malamai suka yi saɓani. Muhammadu Bello kuwa, a Infaƙul Maisur da ya kammala a 1812, ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Borno masu sukar hujjar jihadin, sannan ya ba da amsa. Ana cikin yaƙi, amma ya bar mai karatu ya ji ta bakin abokin hamayya.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Wani zai ce idan sai mai cikakken sani zai yi magana, to masu mulki ne suka ci riba, tunda su ke riƙe da takardu. Wannan haka yake in an fahimci ƙa'idar a karkace. Ɗan kabu-kabu ya san kuɗin litar mai da yaƙinin da minista ba shi da shi, mai jinya ya san abin da ya biya na magani, ɗalibi ya san watannin da ya yi a gida. Faɗin waɗannan shaida ce, kuma Shehu da kansa ya lissafa zaluncin sarakunan Hausa dalla-dalla a Kitabul Farƙ. Abin da aka hana shi ne ƙetarawa daga "na biya kaza" zuwa "wane ya sace kaza" ba tare da hujja a tsakani ba. Gwargwadon ɓarnar da kuskure zai jawo, gwargwadon hujjar da ake bukata kafin a buɗe baki: gardamar ƙwallo ba ta bukatar komai, zargin malami yana bukatar shaida, jinin mutum kuwa ba ya hannun majalisa ko da shaidar ta cika.

Saura cutar son cin gardama, wadda Gazali ya sa cikin aibobin harshe guda ashirin a Ihya'u Ulumiddin. Alamarta ita ce mutum ya ji haushi idan gaskiya ta fito daga bakin abokin zamansa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma mazhabarsa ake bi a Gawon Nama. Wannan ɗabi'a koyar da ita ake yi. Ya kamata shugabannin sakandare a Sakkwato su farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara, inda ake sa yaro ya kare ɓangaren da ba nasa ba, su kuma tantance rajistar 'yan wasa kafin a busa usur. Hukumomin jami'a da kwalejoji su kafa ofishin ƙorafi mai ba da amsa cikin ƙayyadadden lokaci. Limamai kuma su riƙa karantar da babin shaida da na alƙalanci a masallatan unguwa kamar yadda suke karantar da babin tsarki.