Abin da Balarabe ba ya kira da sunansa

A Alƙahira, idan aka tambayi saurayi ina mahaifinsa, ya sunkuyar da kai ya ce "ta'ish inta", wato kai ka yi tsawon rai, to tsohon ya rasu. A Siriya da Labanan cewa suke "a'ɗaka umrahu", ya bar maka kwanakinsa. Mutuwa ba ta fito daga bakin kowa ba, amma mai tambaya ya riga ya fara salati.

Haka Larabawa suke yi da duk abin da ke da nauyin faɗa. Bamisire mara lafiya ana cewa yana "bi'afiya", wato yana cikin lafiya. A Maroko kalmar "afiya" ɗin nan wuta take nufi, don ainihin sunan wuta yana tuna Jahannama, kuma ba wanda ke son ya roƙi maƙwabcinsa ita da sassafe. Makaho "basir" ne, mai gani. Tun zamanin da, wanda maciji ya sara "salim" ake ce masa, kuɓutacce, hamadar da ke cinye ayari kuwa "mafaza", wurin tsira. Kyakkyawan fata ne: a kira abu da sunan da ake roƙon Allah ya mayar da shi.

Malaman balaga sun kira wannan salo kinaya, har Sa'alabi na Naisabur, wanda ya rasu a 1038, ya rubuta littafi sukutum a kansa. Hujjarsu kuwa babba ce, domin Alƙur'ani kansa da ya zo kan biyan buƙata a surorin Nisa'i da Ma'ida, sai ya ambaci "ga'iɗ", kwarin da mutum ke gangarawa ya ɓuya. Kunya tana cikin imani, kuma harshen da ya san tauna magana abin yabo ne.

Sai dai tambayar da ke ci wa mai tunani tuwo a ƙwarya ita ce: ina iyakar sakayawa? Shari'a ta shata ta da kanta. A babin saki, malaman fiƙihu sun raba lafazi bayyananne da na kinaya. Wanda ya ce wa matarsa ta tafi gidansu, sai an binciki niyyarsa. Lokacin da wani mutum mai suna Ma'izu ya zo yana iƙirarin zina, Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tambaye shi ƙarara ba tare da kinaya ba, domin rai ne a kan gaɓa. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addini ba. Inda haƙƙi ko rai ya shigo, magabata sun ajiye kewaye-kewaye.

Har gaisuwar ta'aziyya ba ta tsira daga muhawara ba. Misirawa suna cewa "al-baƙiyya fi hayatak", sauran kwanan ya koma gare ka. Wasu malamai sun ƙi ta, suna cewa mamaci ba ya barin ragowar ajali balle wani ya gada. Wasu sun ɗauke ta addu'ar tsawon rai kawai. Saboda wannan saɓani ne da yawa suka koma "al-baƙa'u lillah", wanzuwa ta Allah ce.

Inda abin ya fi ciwo shi ne asibiti. Ciwon daji a Labanan "haidak il-marad" ne, wancan ciwon. A Misira "il-marad il-wihish", mugun ciwo. Dangi sukan tare likita a bakin ƙofa, su roƙe shi kada ya faɗa wa majinyaci. Tausayi ne, babu shakka. Amma matar da ta ji ƙullutu a nononta ta kasa furtawa, ko dattijon da aka ɓoye masa halin da yake ciki har ya tafi bai yi wasiyya ba, bai biya bashi ba, wannan tausayin ya cuce su.

Akwai kuma sunan mace. Bamisire kan kira matarsa "il-gama'a", jama'a, wani a yankin Tekun Fasha ya ce "al-ahl", iyali. Wannan yana iya zama kara. Amma a wasu ƙauyuka akan sa "Allah ya girmama ka" kafin ambaton mace, lafazin da ake yi kafin a ambaci jaki ko takalmi, kuma malamai sun yi tir da hakan. A 2015 hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gangami a Misira, aka tsayar da maza a titi ana tambayarsu sunan uwayensu, da yawa suka noƙe. Annabin da suke koyi da shi kuwa, da Amru ɗan As ya tambaye shi wanda ya fi so a cikin mutane, sunan A'isha ya kira.