Takarda da Sanin Inji

Duk wanda ya yi aiki a masaƙun Kakuri, can hayin kogin Kaduna, tun buɗe ta farko a 1957, ya san ma'aikata iri biyu ne. Akwai wanda ya haddace abin da aka ce ya taɓa, akwai kuma wanda ya san abin da ke motsi cikin inji. Idan na farko ya yi kure, zare ne ya lalace. To, ina ga matuƙin jirgin sama, wanda rayukan mutane ke hannunsa?

Matuƙa suna da wata takarda, an jera musu abin da za su duba ɗaya bayan ɗaya. Asalinta kuwa daga hasara ne. A 1935 wani gwanin matuƙi a Amurka ya tashi da sabon jirgin Boeing, ya manta bai kwance makullin da ke riƙe wutsiya ba, jirgi ya faɗi ya kama wuta. Ba jahilci ya kashe shi ba, mantuwa ce, ita kuwa ba ta jin kunyar gwani.

Raina takardar nan ganganci ne. A 2012 jirgin Dana ya taso daga Abuja, inji ɗaya ya raunana a hanya. Masu bincike sun ce matuƙan ba su bi takarda ba, ba su kuma sauka a filin da ke kusa ba. Dab da Ikko na biyun ya mutu, mutum 153 da ke ciki suka rasu.

Amma fa takarda mutum ya rubuta ta, yana zaune, kuma abin da ya hango kaɗai ya sa. A 2009 wani jirgi ya tashi daga New York, ya yi karo da garken dinya, injunansa biyu suka mutu. Takardar da ke hannu an tsara ta ne domin jirgin da ya yi nisa sama, mai sauran lokaci. Matuƙin, Sullenberger, ya san akwai ƙaramin inji a wutsiya mai ba da lantarki, sai ya kunna shi nan da nan, tun karatu bai kai layin ba. Mataimakinsa kuwa bai ajiye takarda ba, yana ta bi, ko rabi bai kai ba suka sauka a kan kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki, duka aka fid da su da rai.